Bitar Ayyukan da Suka Gabata a Binciken Noman Rani na Kura

A jami'o'in Arewa, babi na biyu na kundin digiri shi ne wanda ake kira bitar ayyukan da suka gabata, wato waiwayen abin da masana suka riga suka rubuta domin a gano giɓin da sabon bincike zai cike. Ga mai nazarin noman rani a Kura da Bunkure, wannan babi yana da nasa tarihi, wanda ya faro da gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974.

Rubuce-rubucen farko rahotanni ne na injiniyoyi, musamman na kamfanin NEDECO na ƙasar Holan, kuma hankalinsu yana kan ƙasa da magudanan ruwa da yawan alkamar da ake sa ran girbewa. Ba a jima ba masana zamantakewa suka shigo da wata tambaya dabam, wato wa ke cin moriyar ruwan. A 1978 Sam Jackson ta rubuta a kan yajin aikin matan da ke ƙodago a wata gonar kamfani a yankin, sannan a 1979 Tina Wallace ta fitar da rahotonta a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ta nuna yadda tsadar taki da huɗa da ƙwadago ke danne ƙaramin manomi. Littafin Gunilla Andrae da Björn Beckman na 1985 ya ɗora batun alkamar a kan siyasar shigo da abinci, kuma bayan 1990 nazari ya gangara Haɗejiya da Nguru, inda tare ruwa a Tiga ya rage ambaliyar da fadamu suka dogara da ita.

Abin takaici shi ne wasu daga cikin waɗannan ayyuka, tare da bayanan gwajin iri na tashar bincike ta Kadawa, suna kwance a ɗakunan karatu na Samaru da ofisoshin Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ba a intanet ba. Ɗalibin da ya tsaya ga abin da kwamfuta ta miƙo masa yakan fara bitarsa daga tsutsar tumatir ta 2016, sai ya gabatar da rikicin hayar gona ko toshewar magudanai a matsayin sabon giɓi, alhali an yi muhawara a kan irinsu tun kafin a haife shi.