Ƙuri'a da Kuɗi a Tarihin Jihar Montana ta Amurka

Abin da yakan ba mai nazarin tsarin mulkin Tarayyar Amurka mamaki shi ne, babu wata aya a cikinsa da ta ba ɗan ƙasa haƙƙin jefa ƙuri'a kai tsaye. Gyare-gyaren da aka yi masa daga baya sun hana a tauye mutum ne saboda launin fatarsa (1870) ko don kasancewarta mace (1920). Shi kuwa haƙƙin kansa, a cikin tsarin mulkin jihohi aka rubuta shi. Wannan maƙala za ta duba iyakar ƙarfin wannan kariya, ta hanyar bin tarihin jiha guda, watau Montana.

Montana ta zama jiha a 1889, lokacin da attajiran ma'adinin jan ƙarfe, irin su William A. Clark da abokin gabarsa Marcus Daly, suke juya ta yadda suka ga dama. A wancan zamani majalisar dokokin jiha ce take zaɓen 'yan Majalisar Dattawa ta tarayya, ba jama'a ba. To, a 1899 sai Clark ya shiga saye 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, har wani daga cikinsu, Fred Whiteside, ya baje dala 30,000 a gaban 'yan'uwansa, ya ce kuɗin toshiya ne. Duk da wannan tonon silili, aka zaɓi Clark. Da bincike ya tsananta a Washington sai ya ajiye kujerar a 1900, amma a 1901 aka sake zaɓensa, ya yi zamansa har 1907. Lalle kunya ba ta cikin kayan aikin irin waɗannan mutane.

Da tura ta kai bango, sai mutanen jihar suka gyara tsarin mulkinsu a 1906, suka ba kansu ikon kafa doka ta ƙuri'ar raba gardama ba tare da sun jira majalisa ba. Da wannan iko ne suka kafa dokar 1912, wadda ta haramta wa kamfanoni kashe kuɗi don goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa. Sabon tsarin mulkin da suka rubuta a 1972 kuma ya tanadi cewa zaɓe ya kasance cikin 'yanci, a fili, kada wata hukuma ta soja ko ta farar hula ta tare wa mai ƙuri'a hanya.

Dokar 1912 ta yi shekara ɗari tana aiki. Abin da ya kashe ta daga waje ya zo. A 2010, cikin shari'ar Citizens United, Kotun Ƙolin Tarayya ta ce kuɗin da kamfani ya kashe a ƙashin kansa wajen yaƙin zaɓe wani reshe ne na 'yancin faɗin albarkacin baki. Kotun Ƙolin Montana ta ƙi bi. A Disamba 2011 alƙalai biyar cikin bakwai suka kafa hujja da tarihin su Clark, suka ce jihar da ta ɗanɗana wannan azaba tana da dalilin kare kanta. Hujja ce mai ƙarfi, domin ba zato ba ne, abin da ya auku ne. Amma a Yuni 2012 Kotun Tarayya ta soke hukuncin da rinjayen biyar da huɗu, cikin 'yan layuka kaɗan, ba ta ko saurari lauyoyi baki da baki ba.

Ta fuskar ƙuri'a kuwa, labarin ya sha bamban. A 2021 majalisar jihar ta yi wasu dokoki, ciki har da wadda ta hana yin rajista ranar zaɓe da wadda ta rage darajar katin shaidar ɗalibai. A Maris 2024 Kotun Ƙolin Montana ta soke su, bisa hujjar cewa tsarin mulkin jihar ya fi na tarayya faɗi wajen kare mai ƙuri'a. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Washington, amma a Janairu 2025 Kotun Tarayya ta ƙi karɓar shari'ar.