Waiwaye Adon Tafiya: Mace da Doka a Ƙasar Borno

Gabatarwa

Ranar 10 ga Janairu, 2022, Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a Maiduguri a kan dokar hana cin zarafin jama'a da ta kare haƙƙin yara. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bin sawun hanyar da aka biyo kafin a iso wannan rana, domin a ga inda doka ta tsare mace da kuma inda ta juya mata baya.

Gadon Kundin 1960

Masu ɗora laifin danne mata a kan addini kaɗai sukan manta da Kundin Finalkod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, aka kuma tsara shi bisa samfurin kundin ƙasar Sudan. Sashe na 55 na kundin bai ɗauki dukan da miji ya yi wa matarsa da sunan ladabtarwa a matsayin laifi ba, muddin bai yi mata mummunan rauni ba, kuma al'adarsu ta yarda da hakan. Wannan shi ne gadon da Borno ta tashi da shi, kamar sauran jihohin Arewa.

Zamanin Shari'a

Bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, Borno ta bi sahu a zamanin Gwamna Mala Kachalla. Shari'o'in da suka gwada wannan tsari sun auku ne a wasu jihohi, amma da yake mazhabar Malikiyya ɗaya ake bi, darasinsu ya shafi kowa. A 2001 wata kotu a Gwadabawa ta jihar Sakkwato ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa, a 2002 kuma kotun Bakori ta jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal irinsa. A duka biyun an sallami mazan saboda rashin shaidu, alhali ciki ya zama hujja a kan matan. To, amma abin lura shi ne, kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a ne suka wanke su, Safiya a 2002, Amina a 2003. Daga cikin hujjojin da suka kuɓutar da Amina akwai 'yancin janye iƙirari, da mas'alar kwantaccen ciki, wadda ta ba da damar jingina ciki ga tsohon miji har tsawon shekara biyar. Ashe son kai ya shigo ne ta gaggawar alƙali da ƙarancin bincike, maganinsa kuwa yana nan cikin littattafan fiƙihu.

Shekarun Tarzoma

Daga rikicin Yuli 2009 a Maiduguri, 'yan Boko Haram suka mai da sace mata da auren dole wani hukunci na addini a wurinsu. Sace ɗalibai 276 a Chibok cikin Afrilu 2014 shi ne abin da duniya ta fi sani. Waɗanda suka tsira zuwa sansanonin gudun hijira ma ba su huta ba. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara a sansanoni bakwai na Maiduguri, ana kuma zargin wasu daga cikin masu tsaronsu. Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin bincike.

Yunƙurin Gwamnati

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafi ta tarayya a Mayu 2015. Dokar ta haramta dukan mata ko miji, da kaciyar mata, da muzguna wa matar da mijinta ya rasu, ta kuma tanadi diyya da umarnin kariya daga kotu. Sai dai ikonta ya tsaya a Abuja, har sai kowace jiha ta karɓe ta. Borno, wadda matanta suka fi ɗanɗana kuɗarsu, sai da ta shafe fiye da shekara shida kafin ta yi hakan.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa rubuta doka ba ya hana zalunci, matuƙar alƙali bai ƙware ba, ɗan sanda bai saurara ba, iyaye kuma suna rufe maganar don gudun abin kunya. Saura aiki ya rage ga malaman jami'a da ɗalibai: a fassara dokar 2022 zuwa Hausa da Barbarci, a karanta ta a rediyo da makarantun Islamiyya, har matar da ke Gwange ko Bulumkutu ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.