Ina ake samun cikakken littafin jagora na manhajojin haɗa bidiyo?

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, haɗa bidiyo, wanda masu sana'ar suka fi kira montaj, ya zama hanyar cin abincin matasa da dama: masu ɗaukar biki da suna, masu yi wa 'yan kasuwa talla, da wakilan rediyo da ke aika rahoto ta salula. Akasarinsu a wurin abokai suka koya, ko ta gajerun bidiyoyin YouTube da TikTok. Wannan ilimi yana wadatarwa har ranar da murya ta saɓa da hoto, ko fayil ya ƙi fita, ga kuma mai biki yana jiran kayansa. A irin wannan rana ne ake neman littafin jagora, wato takardar da masu manhajar suka rubuta da kansu, wadda ke bayanin kowane maɓalli da kowane saiti.

A da, littafin yana zuwa ne a cikin kwali tare da faifan CD. Yanzu ta intanet ake sauke manhaja, kuma littafin ya koma can. Wasu kamfanoni suna ajiye shi a fayil ɗin PDF, wasu sun warwatsa shi a shafukan taimako, wasu kuma ba su rubuta shi ba sam.

Matakin farko: sanin lambar sigar manhaja

Kowace manhaja tana da lambar siga, kuma jagorar wata siga ba lallai ta dace da wata ba, domin maɓallai suna sauya wuri, wasu ma a cire su. Ana ganin lambar a menu na Aide ko Help, a ƙarƙashin À propos ko About. A salula kuwa, tana cikin saitin manhajar. Manhajar Shotcut da kwanan wata take sa lambarta, shekara sannan wata, saboda haka wadda ta fara da 24 a 2024 ta fito.

Wannan menu na taimako shi ne wuri na farko da ya kamata a duba. A manhajoji da yawa na Windows, danna maɓallin F1 yana kai mutum kai tsaye ga jagorar.

Manhajojin da ke da cikakkiyar jagora

DaVinci Resolve, ta kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostireliya, ita ce ta fi kowacce yawan rubutu. Tana da siga ta kyauta da ta kuɗi, kuma babban littafinta na PDF ya haura shafi 3,000. Ana samun sa a menu na taimako da kuma sashen tallafi na shafin kamfanin. Ban da shi, kamfanin yana ba da littattafan koyo kyauta, tare da bidiyoyin gwaji da ɗalibi zai riƙa aiki a kansu. Sabon shiga ya fara da waɗannan, ya bar babban littafin don neman amsar takamaimiyar tambaya. Sai dai manhajar tana son kwamfuta mai ƙarfi, tsohuwa tana iya kasa ɗaukarta.

Premiere Pro da ƙaramarta Premiere Elements na kamfanin Adobe ne. Jagorarsu tana shafin taimako na kamfanin, kuma akwai ta da Faransanci. Tun 2013 Adobe ya mayar da Premiere Pro ta biyan kuɗin wata ko na shekara, yana kuma sabunta ta a kai a kai. Wanda ke riƙe da tsohuwar siga zai tarar da abubuwa a jagorar yau da babu su a kwamfutarsa.

Masu kayan Apple suna samun jagorar iMovie da ta Final Cut Pro a shafin tallafi na kamfanin, da Faransanci. A saman shafin akwai wurin zaɓar sigar da mutum yake da ita.

Kdenlive da OpenShot manhajoji ne na kyauta da masu sa kai ke kula da su, kuma suna aiki a Windows da Linux da Mac. Kowacce tana da jagora mai tsari, babi bayan babi, a shafinta. Ta Kdenlive tana bayanin kusan kowane ado da ake sa wa hoto ko sauti ɗaya bayan ɗaya, an kuma fassara sassanta zuwa Faransanci. OpenShot, wadda Jonathan Thomas ya fara a 2008, jagorarta gajeriya ce, ta dace da mai farawa. Filmora ta kamfanin Wondershare na ƙasar Sin ma tana da jagora a shafin kamfanin.

Manhajojin salula

A nan ne aka fi shan wahala. CapCut, ta kamfanin ByteDance mai TikTok, ta bazu a duniya daga 2020. Abin da take bayarwa shi ne shafukan tambaya da amsa da gajerun darussa. Haka lamarin yake ga InShot da KineMaster. Irin waɗannan manhajoji suna sauya fuska sau da yawa a shekara, abin da yake kyauta bara yana iya komawa na kuɗi bana, shi ya sa duk wani dogon bayani a kansu yake saurin tsufa. Kafin a bi wani darasi, a duba ranar da aka wallafa shi. Mai son zurfafawa kuwa, ya karanta babin farko na jagorar Kdenlive ko ta DaVinci Resolve, domin tushen aikin ɗaya ne a ko'ina: yanka hoto, jera shi, daidaita sauti, fitar da fayil.

Tsofaffin manhajoji

Ana iya tarar da Pinnacle Studio, Vegas ko Ulead VideoStudio a kwamfutocin da suka daɗe suna aiki. Kafin neman littafinsu, a san wanda ya gaje su. Pinnacle Studio ta koma hannun Corel a 2012, VideoStudio ma Corel ce ta ɗauke ta, Vegas kuma ta bar Sony zuwa Magix a 2016. Idan an goge shafin da ake nema, rumbun Wayback Machine na Internet Archive yana ajiye tsofaffin shafukan intanet, wani lokaci har da fayilolin PDF.

Windows Movie Maker kuwa, Microsoft ta daina ba da ita tun Janairun 2017. Shafukan da ke tallata ta yanzu ba na Microsoft ba ne, wasunsu ma ƙwayar cutar kwamfuta suke rabawa. Clipchamp, wadda kamfanin ya saya a 2021, ita ce ke zuwa tare da Windows 11.

Yadda ake nema

A rubuta sunan manhaja da lambarta a Google, a ƙara da manuel d'utilisation ko guide de l'utilisateur. Idan aka haɗa da filetype:pdf, fayilolin PDF kaɗai za su fito. Jagorar Ingilishi ta kan riga ta Faransanci fitowa, ta kan kuma fi ta cika. Idan da Ingilishi za a karanta, a mayar da harshen manhajar Ingilishi, don sunayen maɓallai su zo daidai da na littafin.

Akwai alamomin haɗari guda uku: shafin da ya nemi lambar katin banki kafin ya ba da jagorar da kyauta ce, wanda ya ce sai an girka wata manhaja tukuna, da fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .exe maimakon .pdf. Littafi ba ya bukatar a girka shi. Kwamfutar da ke ɗauke da bikin mutane ba wurin gwaji ba ce, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi.

Da an samu jagora, a sauke ta a ajiye a kwamfuta da kile, saboda ranar da babu rezo ko forfe ya ƙare. Idan shafi ne na intanet, a danna Ctrl da P, a zaɓi ajiyewa a matsayin PDF. Neman kalma a cikin dogon littafi kuma, da Ctrl da F ake yi.

Babukan da suka fi amfani a nan

Ba a karanta irin wannan littafi daga farko zuwa ƙarshe. Babi huɗu ne suka fi shafar mai aiki a Nijar.

Na farko, saitin yawan hotuna a daƙiƙa. Wutar lantarkin Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, talabijin kuma hoto 25 yake amfani da shi, kamar a Faransa. Darussan Amurka suna magana ne a kan hoto 30, saboda wutarsu mai bugu 60 ce. Wanda ya ɗauki hoto a kan 30 a ƙarƙashin wasu fitilu na ɗakin taro yana iya ganin haske yana rawa.

Na biyu, hoton salula. Wayoyi da yawa suna sauya yawan hotuna a daƙiƙa ana cikin ɗauka, abin da kan sa murya ta riga baki ko ta bi bayansa a doguwar bidiyo. Maganinsa shi ne a daidaita fayil ɗin kafin a fara montaj. Shotcut tana da wurin yin haka, manhajar HandBrake ta kyauta ma tana yi.

Na uku, rubutu a kan hoto. Ba kowane salon haruffa ne yake da ƙ, ɗ da ɓ ba, sai a ga akwati a gurbinsu. Salon Noto Sans na Google yana da su. Fayil ɗin fassarar magana irin SRT kuma, a ajiye shi da tsarin UTF-8.

Na huɗu, fitar da fayil da ajiyar aiki. WhatsApp yana matse bidiyo har ingancinsa ya ragu, sai dai idan an tura shi a matsayin takarda, inda yake karɓar har giga 2. Babin ajiya kuma yana nuna yadda ake sa manhaja ta riƙa adana aiki da kanta bayan 'yan mintoci, da kuma wurin da take ajiye shi, abin da ke ceton aikin yini guda idan wuta ta ɗauke.

Saboda haka, wanda zai zaɓi manhajar da zai dogara da ita wajen sana'a, ya fara duba ko tana da jagora a harshen da yake ji, kafin ya duba yawan adon da take da shi.