Ƙofar Kogo: Tarihin Dokokin da Suka Shiga Tsakanin Mutum da Jemage

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe idonsa ba zai kauce wa duwatsun da suka yi wa ƙasar kawanya ba, musamman Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda ya yi suna da tsohon bikin kamun maiki. Kogwannin duwatsu irin waɗannan su ne mafakar jemagu a ko'ina cikin duniya. Tambayar wa zai shiga kogo, kuma da wane sharaɗi, ta zama batun doka a ƙasashe da dama cikin shekaru ashirin da suka wuce, kuma tarihinta yana da abin da zai koya mana.

A watan Fabrairun 2006, a kogon Howes da ke jihar Niyok ta Amurka, aka ɗauki hoton wasu jemagu da fari-fari a hancinsu. Bincike ya gano cewa wata irin fumfuna ce mai son sanyi, wadda ake kyautata zaton daga Turai ta je. Jemagun can sukan kwashe watannin hunturu suna dogon barci, suna rayuwa da kitsen da suka tara. Fumfunar takan ci fatar fukafukansu ta riƙa tashinsu, har kitsen ya ƙare tun sanyi bai wuce ba, yunwa ta kashe su. Zuwa 2012 an ƙiyasta cewa fiye da jemagu miliyan 5 da rabi sun mutu.

Jemage ne ke shafa wa ɗan'uwansa cutar, amma ƙwayoyinta suna manne wa takalma da tufafin masu yawon kogo. Saboda haka a watan Maris na 2009 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta nemi a dakatar da shiga kogwanni a jihohin da abin ya shafa, aka rufe dubban kogwanni da tsofaffin ramukan ma'adinai, aka kuma tsara ƙa'idar wanke kayan duk mai shiga. Dokar ba ta tsayar da cutar ba, domin a 2016 ta ɓulla a jihar Washinton, can gaɓar yamma. Asarar kuwa ba ta tsaya ga jemagu ba. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa inda jemagu masu cin ƙwari suka ragu, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kimanin kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8.

A Afirka lamarin ya zo ta ɗaya fuskar: mutum ake karewa daga abin da jemage ke ɗauke da shi. A 2007 cutar Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka na ƙasar Yuganda, inda jemagu fiye da dubu 100 ke zaune. Aka rufe ramin, sai masu haƙar suka kashe jemagun domin su koma aiki. Da wasu jemagun suka sake cika wurin, masu ɗauke da ƙwayar cutar sun haura kashi 13 cikin ɗari, alhali a da kashi 5 ne. A 2012 cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. Garin neman gira an rasa ido. A wani kogon kuwa na dajin Maramagambo, bayan wata 'yar ƙasar Holan ta kamu ta rasu a 2008, hukuma ta hana shiga, daga baya ta gina wurin kallo daga nesa, ta bar jemagun a gidansu.

Jemagun ƙasar Hausa ba sa barcin hunturu, kuma zafinmu bai dace da waccan fumfuna ba. Amma tun 1956 aka gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare a jikin jemagu a Legas. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 sun fi mayar da hankali ga farauta da fataucin dabbobi. Zamfara kuwa ƙasa ce ta duwatsu da ramukan zinari, kuma gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a 2010 ta nuna abin da kan biyo bayan haƙa ba tare da ƙa'ida ba.

Abin da tarihin nan ya tabbatar shi ne, kashe jemage yana ƙara ɓarna, barin ƙofar kogo a sake kuma ganganci ne. Abin da ya dace shi ne masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, tare da likitocin dabbobi da sarakunan mafarauta, su san kogwannin da jemagu ke kwana, su shata wa masu shiga iyaka tun annoba ba ta tilasta musu ba.