M136279841: lamba marar rabuwa mai alƙaluma sama da miliyan 41

M136279841 lamba ce marar rabuwa, wato wadda babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5 da 7. Da Faransanci ana kiran irinta "nombre premier". Da aka gano ta a watan Oktoban 2024, ta zama mafi girma a cikin waɗanda aka sani.

Siffarta

Ana samun ta ne idan aka jera 2 har sau 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Tana da alƙaluma 41,024,320, kuma tana ƙarewa da 1. A tsarin sifili da ɗaya na kwamfuta, 1 ne zalla har sau 136,279,841, babu sifili ko guda.

Rukuninta

Tana cikin lambobin Mersenne, masu ɗauke da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa (1588–1648). Lambar Mersenne ba ta zama marar rabuwa sai yawan 2 da aka ninka shi ma ya kasance marar rabuwa. Amma wannan sharaɗi bai wadatar ba: 11 marar rabuwa ce, sai dai tana bayar da 2047, wato 23 sau 89. Shi ya sa irinsu ke da wuyar samu. Wannan ce ta 52 da aka gano.

Kowace ɗaya tana haifar da cikakkiyar lamba, wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ke daidai da ita. Misali, 3 na bayar da 6, kuma 1+2+3=6. Euclid da Euler sun tabbatar da wannan alaƙa.

Yadda aka gano ta

Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA a Amurka, ne ya gano ta a ƙarƙashin shirin GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996. Wata na'ura a Dublin ta fara nuna alamarta ranar 11 ga Oktoba, washegari wata a San Antonio ta tabbatar da ita da gwajin Lucas-Lehmer. Tushen gwajin aikin Édouard Lucas ne, Bafaranshen da a 1876 ya tabbatar da lambar Mersenne mai alƙaluma 39 ba tare da na'ura ba. Wadda ta riƙe kambun kafin wannan, ta Disambar 2018, tana da alƙaluma 24,862,048.

Muhimmancinta

Tsarin RSA da ke kare bayanan sirri a intanet yana dogara da lambobi marasa rabuwa, amma masu alƙaluma ɗaruruwa kawai. Manyan kuwa, nemansu na inganta dabarun lissafi, yana kuma fallasa kurakuran na'urori. Euclid ya nuna lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka. Ko na Mersenne ma haka suke, wannan tambaya ce da masana lissafi ke neman amsarta har yau.