Kasuwar kunya: tarihin maganin cuta dubu da likitan wasiƙa a Turai da Amurka

Masu iya magana na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai akwai ciwon da mai shi kan gwammace ya mutu da shi, da ya buɗa baki ya faɗa wa likitan da ya san gidansu. Tunjere, ciwon sanyi, basir, raunin mazakuta, da cututtukan mata na daga cikin irin waɗannan. A ƙarni na 19, a Faransa da Ingila da Amurka, wasu ƴan kasuwa sun gane cewa wannan kunya dukiya ce, suka kafa mata ciniki mai rassa biyu: kwalbar da aka ce tana warkar da kowace cuta, da likitan da ake tuntuɓa ta gidan waya ba tare da an ga juna ba.

Yadda cinikin ya samu gindin zama

A wancan zamani likitan gaskiya ma ba shi da wani abin kirki da zai ba mai tunjere in ba zaiba ba. Ana shafa ta, ana sha, ana turare da ita. Tana sa dalalar miyau, ta ruɓar da dasashi, ta kaɗe haƙora, har kowa ya gane abin da ke damun mutum. Saboda haka duk wanda ya ce yana da magani na itatuwa, marar zaiba, wanda za a sha a ɓoye, ya samu masu saye. A Faransa, wani ruwan magani mai suna Rob Boyveau-Laffecteur ya samu izinin hukuma a 1778 bisa wannan iƙirari, kuma an daɗe ana sayar da shi cikin ƙarnin da ya biyo. Dokar 11 ga Afrilu 1803, ta zamanin Napoleyon, ta haramta sayar da maganin da ba a bayyana haɗinsa ba, ta kuma hana tallarsa, amma ba ta hana cinikin bunƙasa ba.

Jarida mai araha da gidan waya mai araha su suka ba shi fukafuki. A 1836 Emil da Jirardan ya kafa jaridar La Presse a Paris, ya mai da kuɗin shekara faran 40 maimakon 80 da sauran jaridu ke karɓa, ya dogara ga talla don cike giɓin. Shafi na huɗu na jaridun birnin ya cika da tallan maganin «cututtukan asiri», tare da alkawarin cewa ana duba mutanen ƙauye ta wasiƙa. Ingila ta fito da tambur na kwabo ɗaya a 1840, Faransa ta fito da nata a 1849. Daga nan manomin da ke can ƙuryar lardi na iya rubuta abin da ke damunsa, ya aika da kuɗi, ƙunshi ya iso masa babu wani rubutu a bayansa da zai tona shi.

Wasu likitocin boko ma sun taimaka, ko da ba da niyya ba. Tsakanin 1836 da 1842, Farfesa Lalleman na birnin Mompeliye ya wallafa babban aiki a kan zubar maniyyi ba da son rai ba, ya ɗauke shi mugun ciwo mai raunana jiki da hankali. A yau an san cewa mafarkin balaga al'ada ce ta lafiyayyen jiki. Masu talla suka cafe wannan tsoro, suka dinga buga ƴan littattafai suna jera alamu: kasala, mantuwa, ciwon baya, jin nauyin mutane, faɗuwar gaba. Wane saurayi ne zai karanta wannan jeri bai tsinci kansa a ciki ba?

Masu kwalba da masu ƙwaya

A Ingila, Tomas Holowe ya fara sayar da man shafawa a 1837, daga baya ya ƙara da ƙwayoyi, ya ce suna maganin kusan duk abin da ke kama ɗan Adam. Lokacin da ya rasu a 1883, yana kashe kimanin fam 50,000 a shekara wajen talla, cikin harsuna da dama. Da ribar ya gina kwalejin ƴan mata ta Royal Holloway, wadda Sarauniya Biktoriya ta buɗe a 1886. A 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta sa aka bincika irin waɗannan magunguna, ta buga sakamakon. Ƙwayoyin Beecham, da ake sayar da ƙaramin akwatinsu sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi, an samu alowe mai sa zawo da citta da sabulu ne a cikinsu, kuɗin haɗin kuwa kashi ɗaya cikin takwas na kwabo. Mai ƙwaya ya san cewa in ciki ya motsa, mai sha zai ce magani ya yi aiki.

A Amurka, sunan da ya fi fice shi ne na Lidiya Pinkham ta garin Lin. A 1875 iyalinta suka fara sayar da wani tsimin saiwoyi don cututtukan mata, wanda kusan kashi 20 cikin ɗari nasa barasa ce. Suka sa hoton fuskarta na dattijuwa a kan kwalba, suka gayyaci mata su rubuto mata damuwarsu, da alkawarin cewa babu namijin da zai karanta. Adalci ne a faɗi cewa ta shiga wurin da likitoci suka bari a buɗe. Likitoci kusan duka maza ne, mata da yawa kuma ba su da wanda zai yi masu bayanin haila da goyon ciki da yankewar al'ada cikin harshen da za su gane. Sai dai Lidiya ta rasu a 1883, talla kuwa ta ci gaba da cewa a rubuta wa uwargida Pinkham. A 1905 mujallar Ladies' Home Journal ta buga hoton dutsen kabarinta. Kamfanin ya amsa da cewa matar ɗanta yake nufi.

Makomar asirin da aka ba takarda

Ya mai karatu, abin da ya fi kwalbar haɗari shi ne wasiƙar kanta. Wanda ya rubuta ciwonsa da hannunsa, ya sa suna da unguwa, ya miƙa wuyansa ga wanda bai sani ba. A 1864 kotun Old Bailey ta Landan ta yanke wa mutum biyu ɗaurin shekara biyu da aiki mai tsanani, cikinsu har da mai kiran kansa Dokta Henery, saboda sun nemi tatsar kuɗi daga wani hafsan soja da barazanar fallasa ciwon da ya tuntuɓe su a kansa. Shi ya yi ƙarfin halin kai ƙara. Wanda kunya ta hana, sai ya biya ya yi shiru.

A Amurka ƴan jarida sun gano cewa akwai dillalan wasiƙu. Idan kamfani ya gama cin moriyar mai rubutu, sai ya sayar da takardunsa, dillali ya ware su dami-dami bisa ga irin ciwon, ya ba wani kamfanin haya. Bayan ƴan makonni marar lafiya ya ga wasiƙa daga sabon «likita» wanda ya san damuwarsa tun bai faɗa ba. Amsoshin da ake cewa an rubuta wa mutum shi kaɗai, galibi rubutattu ne tun tuni, akawu ke zaɓar mai lamba ya sa suna.

A watan Oktoba 1905 Samuwel Hopkins Adams ya fara jerin rubuce-rubuce a mujallar Collier's yana tona wannan ciniki, yana kuma nuna yadda kuɗin talla ke rufe bakin jaridu. Ranar 30 ga Yuni 1906 aka sa hannu kan dokar abinci da magunguna, wadda ta tilasta a rubuta a jikin kwalba in akwai barasa ko ofiyom ko hodar ibilis a ciki. A Faransa, sai a 1926 wata doka ta wajabta bayyana haɗin magani a kan takardarsa.

Abin da ya karya kasuwar

Doka ta rage ƙarya, amma muddin mai ciwo ba shi da wurin zuwa da zai samu waraka da rufin asiri, yana komawa ga mai talla. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na farko, magani mai aiki: Salvarsan na Pol Erlik a 1910, sannan fenisilin da aka tabbatar a 1943 tana kashe tunjere. Na biyu, amana. A 1916 Ingila ta umarci hukumomin yankuna su buɗe wuraren duba cututtukan jima'i kyauta kuma cikin sirri, sannan a 1917 ta haramta wa wanda ba likita ba yi wa waɗannan cututtuka magani ko tallar maganinsu. A lura da tsarin: sai da aka buɗe wa marar lafiya ƙofa kafin a rufe ta ɗan damfara.

Wanda ya saurari tallan magani a wasu gidajen rediyo, ko lasifikar motar da ke tsaye a tashar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, zai gane muryar. Gora ɗaya na maganin basir da sanyi da shawara da raunin mazakuta, jerin alamun kuwa babu wanda zai tsira daga gare shi, a ƙarshe a ba da lambar waya, wadda ta gaji ambulan. Wannan daban yake da mai maganin gargajiya na unguwa da aka san gidansa, yake ganin marar lafiya ido da ido, yake kuma iya cewa wannan ya fi ƙarfina. Haɗarin yana nan inda yake tun can: jinin da ake kira basir kan zamo alamar wata babbar cuta ta hanji, ciwon sanyin da ba a kashe ba kuma na iya toshe hanyar haihuwa ga mace da namiji.

Malamin makaranta na tsaye gaban samari da ƴan mata a daidai shekarun da wannan tsoro ke kama su. Idan ya koya masu sunayen sassan jiki da na cututtuka cikin Hausa mai ladabi, ya nuna masu cewa likita da ungozoma na da nauyin riƙe asirin wanda ya zo gare su, to ya rage wa mai lasifika kasuwa. Aikin tattara waɗannan kalmomi da daidaita su kuwa yana jiran ƙungiyoyinmu na raya harshe.