Takobi Shida na Jahar Doso

Kafin 1975 babu mai iya faɗa maka sau nawa wani ɗan kokawa ya yi kaye a ƙasar Dandi. Kokawar kuwa ana yin ta, har ma fiye da yanzu. Da an kai gero rumbu, sanyi ya fara sauka a fadamun rake, sai wannan gari ya aika wa wancan goron gayyata. Samarin Bana su tafi Bengu, na Tanda su zo nan Gaya, wasu su haura Kamba ta Najeriya ko su ƙetare kogi zuwa Malanbil, domin iyaka ba ta taɓa tsayar da ɗan kokawa in ya ji ganga ba. Abin da mai kaye yake samu shi ne ɗan kuɗin da 'yan kallo suka liƙa masa a goshi, sai kuma suna. Sunan nan a bakin makaɗi yake zaune, ran da makaɗin ya kwanta dama sai ya tafi da rabinsa. Kawuna ya yi kokawa da ƙuruciyarsa, yana kuma iya jero maka ƙartin zamaninsu da kirarin kowane, amma in ka tambaye shi wace shekara wane ya kā da wane, sai ya ce shekarar da fāra ta zo.

Gwamnatin Seyni Kunce ce ta kawo ƙirga. Ya hau mulkin Nijar a 1974, ƙasa tana fama da ciwon babban fari, yana neman abin da zai tara Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu a fili ɗaya ba tare da an yi musun siyasa ba. Aka ɗauko kokawa daga dandalin ƙauye aka mai da ta gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin da ake ba zakara. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan biranen jahohi. Ba kowace shekara ta samu ba, an tsallake wasu, shi ya sa wadda aka yi a ƙarshen 2024 ta zama ta 45 maimakon ta 50.

Sai mutum ya san tsarin gasar zai gane nauyin takobi ɗaya, balle shida. Jahohi takwas ne yau, kowace ta zo da mutum goma, ƙarti 80 ke nan, a yi kusan kwana goma ana fafatawa. Ba a auna nauyi, ƙaramin mutum yana iya faɗawa hannun wanda ya ninka shi. Jaha tana karawa da jaha, kuma duk wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Amma fa ba gida zai tafi ba. Gobe zai sake shiga fage da sunan jaharsa, ba shi da sauran abin asara, burinsa kawai ya ja wani babba su faɗi tare. Waɗannan su ne masu haɗari. Kowace yamma rediyon Muryar Sahel tana ƙirga waɗanda ba su sha ƙasa ba, adadin yana raguwa, mu kuma a Gaya muna zaune gindin rediyo muna jiran mu ji ko akwai sauran ɗan Doso a ciki.

Wanda ya fara sa jaharmu a wannan lissafi shi ne Salma Ɗan Rani, abokin karon Kantu da Kadade na Tawa a shekarun farko. Ya ɗauki takobi fiye da sau ɗaya, filin kokawa na birnin Doso ma sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Maraɗi yake ɗauke da na Kantu. Bayansu aka yi zamanin su Balla Haruna da Badamasi na Damagaram, aka yi na Bindigau na Maraɗi da Laminu Maidaba na Agadas. Mu dai muka zauna jira, muna jin makaɗi Sagalo yana wasa 'ya'yan wasu.

Sai Allah ya kawo Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Issaka Issaka. Takobi shida ya ɗauka, abin da babu wanda ya taɓa yi tun da aka fara gasar. Na biyar a Difa, na shida a Agadas ranar 31 ga Disamba 2023, inda ya kā da Aibo Hasan na Maraɗi a karon ƙarshe. Ina yawan jin masu cewa kokawarsa ba ta da daɗin kallo irin ta mutanen dā, wai yana jinkiri, yana ja da baya, ba ya ba da jikinsa. Ban yarda da su ba ko kaɗan. Mutanen dā in sun fāɗi yau a Bana, jibi za su rama a Yelu, babu wanda ya rubuta. Shi kuwa wanda santsin ƙafa ɗaya zai ɓata masa shekara guda, dole ya zama kamar gwanin karta, ya ɓoye abin da ke hannunsa, ya bar abokin karo ya fara nuna nasa. Na lura da shi a talabijin: yakan yi ta taɓa hannun mutum yana saki, yana duban inda nauyinsa ya karkata, har ɗan kallo ya fara gundura, sai ka ga ƙafa ta tashi an gama. Wanda ya ce wannan tsoro ne bai taɓa tsayawa gaban ƙaton da ya riga ya rasa kome ba.

Gasar ta sauya sana'ar kanta. Mai takobi yanzu yana samun doki da kayansa, babbar riga da rawani, da miliyoyin sefa, ban da abin da attajirai da 'yan siyasa suke sanarwa a lasifika. Aka shigo da alƙalin wasa da usur da agogo da gargaɗi. An riƙa kai 'yan kokawarmu gasar ƙasashen CEDEAO, inda ake raba su bisa nauyi su kara da Sanagalawa. Layu da guraye da ruwan rubutu kuwa suna nan, masu cali-cali suna nan suna kwaikwayon ƙarti suna ba mutane dariya, gwamnati ba ta iya raba fage da su ba, kuma gara da ba ta yi ba.

A Disamba 2024 gasar ta zo Doso, filin Salma Ɗan Rani. Kilomita wajen 150 ne daga Gaya, mutanenmu da yawa suka tafi don su ga na bakwai da idonsu. Issaka ya bi ta kan kowa har karon ƙarshe, a can Abba Ibrahim na Yamai ya tsayar da shi, a gida, gaban danginsa. Ya yi mini zafi, har yau ma. Amma ko wannan rashin yana da rana da wata da sunan wanda ya yi shi, jikokinmu za su same shi a rubuce.

Abin da ba za su samu ba shi ne matakin ƙasa. Mutum goman da Doso take kaiwa ba daga sama suke faɗowa ba, ana tace su ne daga ƙauyuka da gundumomi, a filaye irin namu na Gaya da Junju da Dogon Dutsi. A nan ne yaro yake fara kā da wanda ya girme shi, a nan ne kuma wasu da suka isa ɗaukar takobi suke karyewa ko fatauci ya janye su zuwa Kwatano. Waɗannan karawa har yanzu a bakin makaɗa suke. Ina so ofishin wasanni na Gaya ya sayi babban littafi ya ajiye mutum ɗaya a bakin fage, ya riƙa rubuta sunan wanda ya shiga, da garinsu, da wanda ya kā da shi, kuma a fara da zama da tsofaffin makaɗan da suka rage a Bana da Bengu da Tanda tun suna iya jero sunayen.